Ɗalibi da Matsalar Wurin Kwana: Ga Mafita

Samun gurbin karatu a jami'a daban, samun wurin sa haƙarƙari daban. A jami'ar da ke Samaru ta Zariya ko Sabuwar Jami'ar Bayero ta Kano, gadajen hostal ba sa isar ɗalibai. Wanda ya rasa sai ya nufi Hayin Dogo da Palladan, ko Danbare da Rijiyar Zaki, inda haya ke tashi duk shekara. Ga abubuwan da za su rage maka wahala.

Ka fara neman gado tun kafin a koma. Da an buɗe shafin rabon ɗakuna a intanet, gadajen kan ƙare cikin ɗan lokaci, don haka ka kammala rajista da wuri, kuɗin gadon na hannu. Kada ka sayi gado a hannun wani ɗalibi. Dokar makaranta ta hana, kuma ranar da aka zo bincike sunan wani za a gani, kai kuma a fito maka da katifa waje.

In ta kama sai haya, kada kuɗin ɗaki kaɗai ya ruɗe ka. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kan cinye rarar ɗaki mai nisa. Ka haɗa da la'adar dillali, kuɗin wuta da na ɗan garuwa, sannan ka yanke hukunci. Araha ba ta ado.

Ka je ka ga ɗakin da idonka. Ɗaga kai ka dubi silin: tabon ruwa na nufin yoyo da damina. Gwada sakatar ƙofa, leƙa banɗaki, ka tambayi 'yan haya yadda mai gidan yake. Ɗaliba kuwa ta zaga unguwar bayan magariba tare da wani nata, ta ga ko akwai haske da mutane a hanya.

Kada ka ba da ko sisi ba rasit. A rubuta yarjejeniya da ranar shiga, ranar ƙarewa da wanda gyara ke wuyansa, a gaban shaidu, in da hali har da mai unguwa. Ka tayar da maganar yajin aiki tun a lokacin. A 2022 malaman jami'o'i sun yi wata takwas ba sa koyarwa, haya na ta tafiya, ɗakuna a kulle. Ka kuma sani mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko watso maka kaya. Sai da takardar sanarwa da umarnin kotu.

In za ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku, ku yi magana ƙarara kan kason kowa, girki, baƙi da lokacin kashe fitila. Wanda aka taimaka masa da wurin raɓawa, abin da ɗalibai ke kira sikwatin, ya faɗi ranar da zai tashi, ya riƙa sa hannu a cefane da shara.

Idan abin ya kai ka ga kwana a aji ko masallaci, kada kunya ta rufe maka baki. Je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka yi bayani a rubuce. Tuntuɓi ƙungiyar ɗaliban jiharku, da ta masallaci ko coci. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, amma ka tuna bashi ne. Takardun makarantarka kuwa ka ajiye su wurin amintacce har ka sami matsuguni.

Iyaye da masu gidajen haya, ku sassauta wa yaran nan. Wanda bai san inda zai kwana ba, karatu ba ya zama a kansa. Allah Ya ba da sa'a.