Darasi: Yadda Ake Shuka Kiri-kiri a Zangon Shanu

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata ciyawa ce da kowa ya taka amma kaɗan ne suka taɓa shuka ta, wato kiri-kiri, wadda Larabawan nan ke kira najila. A kantin iri kuma za ka ji ana ce mata Bamuda, sunan wani tsibiri da Turawa suka laƙaba mata.

Me ya haɗa ɗan kasuwar shanu da shuka ciyawa? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da rani ta tsage, hannu na shiga ramin, ƙura ta cika hancin dabba. Da damina ta koma caɓi, takalmi ma sai ka bar mata. San da ya yi mako biyu tsaye cikin taɓo yana jiran mai saye, kofatonsa ya yi laushi, ya fara ɗingishi, ya rage cin abinci. Mai saye kuwa ba ya jin uzuri, abin da ido ya gani shi yake yi wa kuɗi. Ga shi makiyaya ta ƙuntata tun da noman tarakta ya fara a Gadambaliya a shekarun 1940, gonakin dawa da riɗi suka yi ta cin daji. To, ɗan filin da ke bayan zango, in an lulluɓe shi da kiri-kiri, yana riƙe ƙasa, dabba ta sami wurin kwanciya da abin tsinka.

Abin da za a riƙe tun farko shi ne: kiri-kiri in ta kafu tana jure tattaki da fari da ƙasa mai gishiri, amma a wata biyun farko akuya ɗaya na iya gamawa da ita. Duk aikin yana cikin wata biyun nan.

Na ɗaya, wuri. A zaɓi inda rana ke bugawa sosai, don ba ta yi a inuwa. A guji kwari inda ruwa ke kwana. In filin shimfiɗe yake, a fitar masa da 'yar hanyar ruwa a gefe. A kewaye shi da waya ko ƙaya tun kafin a zuba iri, kada a ce sai ta fito.

Na biyu, lokaci. Ruwan Gadarif daga Yuni ne zuwa Oktoba, ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Kada a bi yayyafin farko, don iri na iya tsirowa rana ta ƙone shi. A bari damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, don haka wanda ya ce zai shuka da rani ya yi ta sayen ruwan kuran jaki, to ribar shanunsa zai zubar a ƙasa. Sai fa mai hafir a kusa.

Na uku, gyaran ƙasa. A bar ciyayin farko su fito a nome su, don su ne kishiyoyinta. A farfasa hoge, a baje da manjagara, sannan a danne ƙasar har ta zama in ka taka, sawunka kaɗan ne zai fito. A zuba taki wanda ya ruɓe. Ɗanyen kashin shanu cike yake da irin wasu ciyayi, kada a sa shi yanzu.

Na huɗu, iri. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai riɗi ba ko kusa. Akwai ɓararre, akwai mai ɓawo. Ɓararren na fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, mai ɓawon yana jinkiri. In shimfiɗa mai kauri ake so a ɗan fili, ana zuba rabin kilo zuwa kilo 1 a kowace murabba'in mita 100. Misali fili mai mita 20 a faɗi, 50 a tsawo, zai ci kilo 5 zuwa 10. In kuwa na kiwo ne mai faɗi, kilo 2 zuwa 4 ya isa faddan ɗaya, wato murabba'in mita 4,200, sai dai za ta fi daɗewa kafin ta rufe. A gauraya irin da busasshen rairayi don ya watsu daidai. A raba biyu, rabi a watsa gabas da yamma, rabi kudu da arewa.

A nan ake yawan yin asara: ba a binne shi kamar dawa. Zurfinsa kada ya wuce rabin santimita. A ja reshen ƙaya a kai sama-sama, a danne da ƙafa, shi ke nan. In an binne, laka za ta yi masa murfi, ba zai fito ba.

Wanda bai sami iri ba, ya tono jijiyoyinta a bakin rafi, ya yayyanka, ya dasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ranar da ya tono. Wasu nau'o'in da aka inganta a Amurka, kamar Coastal da aka fitar a 1943, ta haka kaɗai ake yaɗa su, don ba sa ba da irin kirki.

Na biyar, haƙuri. Kada dabba ta shiga sai ciyawar ta kai kamar taƙi ɗaya, ta fara yaɗo, wato wata biyu zuwa uku. Gwajinta mai sauƙi ne: ka kama ka fizga. In ganye ya tsinke saiwa ta tsaya, ta kafu. In ta tumɓuke, a ƙara jira. Kuma ranar da aka yi ruwa kada a saki shanu a kai, kofato zai kwaɓe ta da laka.

Mu faɗa wa juna gaskiya, babu ciyawar da za ta rayu a gindin turke inda sa ke tsaye dare da rana. A raba filin uku, ana cin ɗaya biyu na hutawa, kuma a fitar da dabbobi tun da sauran kamar yatsa huɗu a ƙasa. Ba za ta ɗauke maka sayen kara da dusa ba. Da rani za ta bushe kamar ta mutu. A rage mata tattaki, ruwan farko zai tashe ta. A riƙa duba kaska, don ciyawa maɓoyarta ce.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne haƙƙin maƙwabci. Abin da ke alheri a zango, annoba ne a gonar dawa. Kiri-kiri na tafiya ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, garma in ta yanka ta, kowane guntu sabon tushe ne. Mun ga yadda miskit, da aka kawo don tsare hamada, ya cinye gonaki a Kasala da Sabuwar Halfa. Saboda haka kada a shuka ta jikin gonar wani. A bar tazara, a haƙa rami a kan iyaka, a riƙa sare duk yaɗon da ya tsallaka. Rigimar da ke tsakanin manomi da mai dabba ta isa, kada mu ƙara mata itace.

Wanda zai gwada bana, ya fara da ɗan fili, in ya ga kyau baɗi ya ƙara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa kasuwa albarka. Wassalam.