Shawara ga Ɗalibin da Zai Yi Hutu a Karkarar Matameye

Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wanda abokinsa ya gayyace shi hutu a ƙauyukan Matameye, babban garin yankin Kance, ya kamata ya sani cewa dogon hutu yana faɗowa ne cikin damina, lokacin da aikin gero, gyaɗa da wake ke cinye yinin kowane magidanci. Saboda haka baƙon da ya ɗauki hauya ya shiga gayya, wato aikin gona na taimakon juna, ya fi samun shiga a zukata bisa wanda ya zauna jiran a yi masa hidima.

Ya riƙo tsaraba, ko da sukari ne da sabulu da goro, ya miƙa ta hannun abokinsa. Ya tsaya a zaure, ɗakin shiga inda maza ke karɓar baƙi, kada ya wuce ciki sai an yi masa izini, kuma ya rusuna idan zai gaida dattawa. Furar da aka kawo masa ya sha ko kaɗan ne, domin ƙinta yana sosa ran masu gida. Gidan sauro kuwa wajibi ne, tunda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a wannan lokaci.