Raba Zangunan Waifai Domin Haɗa Na'urorin Gida

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kasuwanni sun cika da kayayyakin lantarki waɗanda ake sarrafa su daga wayar hannu, kamar ƙwan fitila, da soket, da kyamarar tsaro, da 'yar na'urar da ke aika rahoton inbatar sola. Sau da yawa mutum yakan sayi irin wannan kaya da kuɗi masu kauri, ya kai gida, ya bi duk umarnin da ke cikin kwali, amma na'urar ta ƙi haɗuwa da waifai. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa an sayar masa da jabu, ya koma kanti da faɗa. A mafi yawan lokuta kayan lafiyarsa lau. Matsalar tana tattare da zangon da waifai ɗin gidan yake aiki a kansa. Wannan darasi zai bayyana ma'anar zango, da dalilin wannan matsala, da kuma yadda ake warware ta.

Mene ne Zango?

Waifai igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo labarai cikin akwatin rediyo. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Hertz, shi ne ya tabbatar da samuwar irin waɗannan igiyoyi a shekarar 1887, don haka aka sa sunansa ga ma'aunin kaɗawarsu. Igiyar da ta kaɗa sau ɗaya a sakan ana cewa tana da haz 1. Sau miliyan ɗaya shi ne megahaz 1, sau biliyan ɗaya kuwa gigahaz 1.

Duk igiyar rediyo tana gudu da saurin haske, wato kimanin mita 300,000,000 a sakan. Idan aka raba wannan sauri da yawan kaɗawa, sai a sami tsawon igiyar. Wanda ya saba da sauraron gajeren zango ya san mita 31 da mita 49. Waɗannan lambobi tsawon igiya suke nunawa: mita 31 tana daidai da kimanin megahaz 9.7. Da wannan lissafi za a ga cewa igiyar waifai mai gigahaz 2.4 tsawonta santimita 12.5 ne, mai gigahaz 5 kuma santimita 6 kacal.

Tarihin Zangunan Biyu

A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna, ciki har da na gigahaz 2.4, domin kowa ya yi amfani da su ba tare da lasisi ba. Ƙa'idar waifai ta farko, mai lamba 802.11, ta fito a 1997. A 1999 aka fitar da ƙa'idoji biyu: 802.11b a zangon 2.4, mai ɗaukar megabit 11 a sakan, da 802.11a a zangon 5, mai ɗaukar megabit 54. Daga 2009, lokacin da 802.11n ta fito mai iya aiki a duka biyun, rauta mai zango biyu ta fara yaɗuwa a gidaje. Rauta ita ce akwatin da ke rarraba intanet a cikin gida. A 2020 kuma Amurka ta ƙara buɗe zango na uku, mai gigahaz 6.

A nan ya kamata ɗalibi ya kiyaye da wani ruɗani. Zangon gigahaz 5 na waifai daban yake da 5G na kamfanonin waya. Harafin G na 5G yana nufin tsara ta biyar ta fasahar wayar salula.

Halayen Kowane Zango

Duniyar dabbobi tana da misali mai kyau. Kunnen ɗan'adam yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000. Giwa tana yin gurnani mai kauri ƙasa da haz 20, wanda ke ratsa daji har tsawon kilomitoci. Jemage kuwa yana fitar da ƙara mai kaifi sama da haz 20,000, wadda ba ta zuwa nesa, amma tana bayyana masa ƙwaro ƙarami a cikin duhu. Ko da yake sauti da igiyar rediyo ba jinsi ɗaya ba ne, kamancen yana taimakawa. Zangon 2.4 kamar muryar giwa yake: yana zuwa nesa, kuma ya fi iya ratsa bango. Zangon 5 kamar muryar jemage yake: yana ɗaukar bayanai masu yawa cikin sauri, amma bangon siminti guda biyu ko uku sun isa su raunana shi.

Zangon 2.4 yana da matsalar cunkoso. Bluetooth a nan yake aiki, haka kuma na'urar ɗumama abinci mai igiyar maikurowef, wadda ke aiki a gigahaz 2.45. An kasa zangon zuwa tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka. Tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ne, alhali kowace tasha tana cin faɗin kimanin megahaz 20. Saboda haka tashoshi uku kawai ake iya amfani da su tare ba su hau kan juna ba, wato ta 1, da ta 6, da ta 11. Zangon 5 yana da fili mai yalwa da tashoshi masu yawa.

Dalilin da Ya Sa Na'urori Ke Ƙin Haɗuwa

Ƙwan fitila ba ya bukatar sauri. Saƙon da yake karɓa bai wuce "kunna" ko "kashe" ba. Abin da yake bukata shi ne igiyar da za ta isa gare shi ko yana zaure ko yana bayan gida. Don haka masu ƙera irin waɗannan kaya sukan sa musu guntuwar lantarki mai araha wadda zangon 2.4 kawai take ji. Shahararriya a cikinsu ita ce ESP8266, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar a 2014. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Irin wannan na'ura, duk ƙarfin zangon 5 a ɗakin, ba ta san da shi ba.

Rauta ta zamani kuwa takan haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ita ce ke zaɓar wa kowace na'ura inda za ta hau. Wayar hannu idan tana kusa, sai a tura ta zangon 5. A lokacin haɗa sabuwar na'ura, manhajar da ke cikin waya ita ce ke miƙa mata sunan waifai da kalmar sirri. Wasu manhajoji idan suka ga wayar tana kan zangon 5 sai su tsaya cik, wasu kuma su aika saƙon ta hanyar da na'urar ba za ta ji ba. Daga nan sai haɗin ya gagara.

Yadda Ake Raba Su

1. A haɗa waya ko kwamfuta da rautar, a buɗe shafinta ta adireshin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1.

2. A shiga sashen waifai, a kashe tsarin da ke haɗe zangunan. Kamfanoni da dama suna kiransa Smart Connect.

3. A ba kowane zango sunansa, misali Gida-2 da Gida-5. Babu laifi su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya.

4. A zangon 2.4 a zaɓi tsaro na WPA2, domin na'urori masu araha da yawa ba su san WPA3 ba, wanda ya fito a 2018. A kuma zaɓi tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11.

5. A mayar da wayar kan Gida-2, sannan a sake haɗa na'urar. Bayan ta haɗu, wayar tana iya komawa Gida-5, domin zangunan biyu ƙofofi ne na gida ɗaya.

Idan rautar ba ta yarda a raba ba, ana iya kashe zangon 5 na ɗan lokaci har a gama haɗawa, ko kuma a buɗe waifai na baƙi a kan 2.4 kaɗai. Rabawar ma tana da nata nauyin, domin waya tana iya maƙalewa a zangon da ya yi rauni sai mai ita ya sauya da hannu.

Batun Tsaro

Duk na'urar da ta hau intanet ƙofa ce da ɓarawo zai iya gwadawa. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban kyamarori da rautoci waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn, har manyan shafuka irin su Twitter suka gagara buɗuwa na sa'o'i a sassan Amurka da Turai. Don haka wanda ya shiga shafin rautarsa domin raba zango, wajibi ne ya sauya kalmar sirrin shafin kafin ya fita, musamman idan akwai kyamara a cikin gidan iyali.

Aikin Aji

(a) Ɗalibai su lissafa tsawon igiyar waifai mai gigahaz 6, da ta tashar FM mai megahaz 100.

(b) Malami ya ajiye rauta mai zango biyu a aji. Ɗalibai su riƙa nisanta da waya, suna rubuta ƙarfin kowane zango a mita 5, da 10, da 20, sannan a bayan bango.

(c) A sake gwajin bayan an ajiye duro cike da ruwa tsakanin rauta da waya. Ruwa yana shanye ƙarfin waɗannan igiyoyi, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne. Ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa waifai ke rauni a ɗakin da ya cika da jama'a, da kuma dalilin da ya sa ake son a ɗora rauta a wuri mai tsayi a tsakiyar gida.