Taƙaita Lokacin Cin Abinci: Bayani ga Masu Teɓa, Hawan Jini da Hawan Sukari

An ba ku wannan takarda ne domin gwajinku ya nuna abin da likitoci ke kira metabolik sindirom. Wato aƙalla uku daga cikin abubuwa biyar sun haɗu muku: teɓa, awon jini da ya kai 130/85, sukarin jini da ya kai 5.6 kafin karin kumallo, yawan maiƙo a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Haɗuwarsu tana ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari.

Yaya ake yi?

Za ku ci duk abincinku na yini cikin awa 8 zuwa 10, misali daga ƙarfe 9 na safe zuwa 7 na yamma. Bayan nan sai ruwa, ko shayi ba madara ba sukari. Wannan ya sha bamban da azumin Ramadan: ba a hana ku ruwa ba, kuma da rana ake cin abincin. Jiki ya fi iya sarrafa sukari da safe fiye da dare, saboda haka tuwo ko shinkafar da ake ci ƙarfe 11 na dare bayan an dawo daga aiki ita ce ta fara kamata a matso da ita.

Yana da amfani?

Yana da shi, amma kada a zuzuta. A shekarar 2024 an wallafa wani bincike da aka yi a San Diego ta Amurka kan mutum 108 masu irin larurarku. Bayan wata 3, waɗanda suka bi tsarin sun sami ɗan sauƙin sukari, kuma akasarinsu ba su bar shan magungunansu ba. Wani binciken na ƙasar Sin, a 2022, ya bi mutum 139 shekara guda, dukkansu sun rage abinci. Waɗanda suka ƙara da taƙaita lokaci ba su fi sauran rage ƙiba sosai ba. Ke nan abin da ke cikin kwano bai daina zama abin lura ba.

Kafin ku fara

Idan kuna allurar insulin ko shan gliclazide, kada ku fara sai likita ya duba maganinku, domin sukari yana iya faɗuwa ƙasa da 4. Alamunsa su ne rawar jiki, gumi, jiri da ruɗewa. In kun ji haka, ku sha abu mai zaƙi nan take, ko da lokacin ci bai yi ba. Tsarin bai dace da mai juna biyu, mai shayarwa, yara, ko mai larurar ƙin cin abinci ba. Kada ku daina kowane magani da kanku.

Masu aikin dare su nemi ganin jami'in kula da abinci a tsara musu nasu lokacin. Idan kuna buƙatar tafinta, ku sanar da mu kafin ranar zuwanku.