Katin Gaisuwa: Na Takarda ko Na Waya?

  

Bara, da yayana ya yi saukar Alƙur'ani, gidanmu ya buga katin gayyata ɗari biyu, masu sheƙi, da Bismillah a sama da aya a ƙasa. Kwana uku bayan walima, ina dawowa daga babban masallacin Zongo sai na hango guda biyu cikin kwata, sun cakuɗe da leda da ruwan wanke-wanke. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na tsamo su da hannuna, kuma dalilin wannan darasi ke nan.

Mu fara da asalin kati. Takarda daga itace ake yin ta: a sare bishiya, a niƙa, a dafa da sinadarai da ruwa mai yawa. Sannan a ɗauko ta a jirgin ruwa har tashar Kotonu, a kai maɗaba'a, a zuba tawada, a lulluɓe da roba don ta yi ƙyalli. Bayan duk wannan wahala, minti ɗaya ake karanta katin a ajiye. Robar nan kuwa ba ta ruɓewa kamar takarda zalla.

To, ina yake ƙarewa? Kotonu gari ne a ƙasa-ƙasa, tsakanin teku da tafkin Nokoué, ga damina sau biyu a shekara. Abin da aka yar a titi, ruwan sama zai kai shi kwata. In kwata ta toshe, ruwa ya shigo ɗaki, ya kwanta a lungu, sauro ya samu gida. Manyanmu ba su manta ambaliyar 2010 ba. A watan Disamban 2017 ƙasarmu ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, saboda irin wannan ɓarna. Kati ɗaya ba ya toshe kwata, gaskiya ne, amma ku ƙirga na Sallah ƙarama da babba, da na aure, da na suna, da na walima, a unguwa guda.

Fa'idodin katin waya guda uku ne. Na farko, ba a sare itace dominsa, ba ya barin shara. Na biyu, ba sai an hau zemijan ana ƙona fetur gida-gida don rabawa ba. Saƙo ɗaya ta WhatsApp zai isa Parakou da Maraɗi da Kano a lokaci guda. Na uku, wanda ya fi damuna, sunan Allah ba zai faɗa cikin ƙazanta ba. Addini ma ya goyi bayan haka: aya ta 31 ta Suratul A'araf ta hana almubazzaranci, kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani.

Sai dai mu yi adalci. Waya ma tana shan wuta, kuma baturin da ya mutu guba ne in an jefa shi a bola. Wanda ya sayi sabuwar waya don tura gaisuwa bai taimaki muhalli ba. A yi da wadda ke hannu. Haka kuma kakata ba ta duba hoto a waya. Ita in ba ka je ka durƙusa ka ce "Inna, barka da Sallah" ba, ba ka gaishe ta ba. Zumunci a ƙafa yake.

Shawarata ita ce: na nesa a tura musu saƙo ko murya, na kusa a taka a je. In bugawa ta zama dole, a buga kaɗan, ba roba, ba aya. Tsofaffin katunan da ke ɗakunanmu masu sunan Allah kuwa, mu tattara mu kai wa malam ya nuna mana yadda ake kawar da su cikin ladabi.