Amsoshin Tambayoyinku: Duwatsun da ke mayar da zafi lantarki

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: shin gaskiya ne akwai abin da ke mayar da zafi wutar lantarki ba tare da inji ba?

To Malam, gaskiya ne. Tun a 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa iri biyu, mahaɗa ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, lantarki na gudana. Da wannan dabara kumbunan Voyager da Amurka ta harba a 1977 suke samun wuta.

An daɗe ana ganin sinadaran da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin, dangin tsatsa ke nan, ba za su yi wannan aiki ba. Sai a 1997 Ichiro Terasaki da abokan aikinsa a Japan suka gwada haɗin sodiyam, kobalt da oksijin. Lantarki ya ratsa shi kamar ƙarfe, kuma kowane digiri na bambancin zafi ya ba da kimanin maikrobolt 100. Abin ya ba masana mamaki.

Dalili kuwa, ƙwayoyin lantarki a cikinsa a matse suke, kowace sai ta lura da maƙwabciyarta kafin ta motsa. Idan ta yi tsalle daga wannan kobalt zuwa wancan, tana tafiya da yanayin maganaɗisunta, wannan ne ke ƙara ƙarfin.

Waɗannan sinadarai dangin tsatsa suna jure zafi mai tsanani a cikin iska. Amma Malam, a yanayin zafin ɗaki, har yanzu haɗin bismut da teluriyam ya fi su ba da wuta.