Shin Ƙaro Zai Iya Gano Guba a Cikin Ruwa?

Wani ɗalibi daga Gwiwa ya rubuto yana cewa ya ji masana na haɗa na'urar gano guba a ruwa da ƙaro. Yana tambaya: ƙaron nan dai da ake tsinkowa a jikin dakwara, a zuba a tawada, a sa wa hula ta yi tsayuwa? Ta yaya?

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Shi ne kuwa, amma sai an sarrafa shi. Idan ka jefa ƙaro a ruwan rijiya, narkewa kawai zai yi, ba zai gaya maka komai ba.

Abin da ake nema shi ne dangin wani sinadari mai suna finol. Ba dukansu ne guba ba. Ɗacin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jima da su daga wannan dangi yake, haka na ganyen shayi. Maganin da ke cikin Dettol ma ɗan gidan ne. Masu haɗarin su ne waɗanda ke fitowa daga ruwan masana'antu, irin na rini da robobi da matatun mai, da wasu magungunan feshi. Shi ya sa ake sa ido kan ruwan da ke fita daga unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa a Kano.

Ka san na'urar gwajin suga, wadda ake ɗiga wa jini ta nuna lamba? To, aikin kusan ɗaya ne. Ana tsoma ɗan tsinken gwaji mai ɗauke da lantarki kaɗan a ruwa. Idan finol ya taɓa bakinsa, sai ya saki ilaktiron, wato ƙwayoyin da gudunsu ke zama lantarki. Gwargwadon yawan finol, gwargwadon lantarkin da na'ura za ta karanta.

Ina ƙaro ya shigo? Shi ba ya wuce da lantarki, kuma ruwa na narkar da shi. Sai masana su ɗaure zarurrukansa da juna ta hanyar sinadarai don ya daina narkewa, ko su maƙala masa wasu ɓangarori masu jawo abin da ake farauta. Daga nan a cakuɗa shi da abin da ke wuce da lantarki, kamar garin bakin fensir ko ƙwayoyin zinare da ido ba ya gani, a shafa siririn fenti a bakin tsinken. Ƙaron ne ke riƙe su kada su dunƙule. A Burazil an yi irin wannan bincike da ƙaron bishiyar kashu. Abin da ke jan hankalin masana ga ƙaron dakwara shi ne arha, ga shi ba ya cutarwa, tunda har a lemon kwalba da alewa ana sa shi da lambar E414.

Sai dai yawancin wannan aiki yana ɗakin bincike ne har yanzu, ba za ka tarar da na'urar a kasuwar Kazaure ba. Najeriya na cikin manyan masu samar da ƙaro tare da Sudan da Chadi, Jigawa na cikin jihohin da ke da shi, amma galibi ɗanyensa muke fitarwa. Idan kana son wannan fanni, ɗana, ka riƙe darasin kimiyyar sinadarai da kyau tun daga sakandare.